Rubutun Alaramma a Kan Bonet

Shu'aibu ba ya son a ce masa mai wankin mota. In ka ce masa haka zai amsa maka, don ba mutum ne mai rigima ba, amma ka sani ranar motarka sai ta kai la'asar a layi. Shi a wurinsa wanki aikin kowa ne, duk mai bokiti da soso ya iya. Aikinsa gyaran fenti ne. Motar da rana ta dafa har launinta ya koɗe, ko ƙaya ta karce ta, ko wani ɗan gaggawa ya bi ta da busasshen tsumma ya bar mata zane, ita ake kawo masa, ya lallaɓa ta har ta koma kamar ranar da ta fito daga kamfani. A Kano ya koyi sana'ar, shekara tara a garejin wani Kwara mai sayar da motoci, sannan ya dawo ya kafa rumfarsa a Kwanar Dangora. Asabar da Lahadi kuwa yana otal ɗin Bagauda, inda manyan ma'aikata suke zuwa shan iska da sababbin motocinsu.

Wata Laraba da hantsi, cikin bazarar 1976, Ubale direba ya sauko daga motar haya ya nufo rumfar a ƙasa.

"Direba da tafiyar ƙafa?" in ji Shu'aibu bayan sun gaisa. "Ina motar, ko an karɓe makulli ne?"

"Motar tana gida, mun rufe ta da tabarmi. Ba ta fituwa." Ubale ya rage murya. "Alaramma ne ya ce ka zo. Da kayan aikinka."

Shu'aibu ya ajiye tsumman da ke hannunsa, ya sake tambaya ko Alaramma da bakinsa ya ambaci sunansa. Ubale ya ce da bakinsa.

Alaramma Abdussalami shi ne malamin da mahaifin Shu'aibu ya damƙa shi a hannunsa yana ɗan shekara bakwai, a tsohuwar Gamji, garin da yanzu kifi yake yawo a lungunansa ƙarƙashin ruwan Tiga. Shekara takwas ya yi a gabansa bai wuce izu biyar ba, don duk sanda babbar mota ta yi kuka a hanya, kunnensa ya bar allo ke nan. Ƙarshe ya bi wata ya gudu Kano. Yau shekara ashirin, kuma duk Sallah sai ya je ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Malam kan ce, "Lafiya lau, madalla," shi ke nan. Bai taɓa yi masa faɗa a kan gudun ba, bai kuma taɓa sa masa albarka ba. Abin yana cin Shu'aibu a rai, ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Saboda haka bai tsaya jin ba'asi ba, ya haɗa akwatinsa ya rufe rumfa.

A hanya Ubale ya ba shi labari. Tsofaffin ɗaliban Alaramma, waɗanda kamun kifi da noman rani suka karɓa bayan tashin gari, su ne suka haɗu suka saya masa Fijo 404 fara, don ya huta da hawan bayan a-kori-kura in zai je ɗaurin aure ko jana'iza. Da aka kawo motar, Malam ya ji labarin yadda hanyar Zariya take cin mutane, sai ya ce a ba shi alƙalami. Ya rubuta ayar hawa abin hawa a kan bonet, da nufin in ta ɗan sha iska a wanke, a yayyafa ruwan a tayoyi. To, kurtun tawada biyu ne a ɗakinsa. Akwai ta allo, ta gawayi da ƙaro, wadda ruwa yake ɗaukewa nan take. Akwai kuma ta takarda, wadda ake dafawa da bagaruwa da kashin maƙera don ta shekara ɗari ba ta gushe ba. Ta biyun Malam ya ɗauko. Aka yi baƙi, aka manta da motar a rana tun hantsi har la'asar, tawada ta dahu a cikin fenti.

"Na sa ruwa, na sa sabulu, na sa fetur," in ji Ubale. "Ko gezau. Ina juya baya gardinsa Malam Buba ya bi ta da yashi, yadda ake wa allo."

Shu'aibu ya runtse ido kamar a jikinsa aka goga yashin.

Sabuwar Gamji layi-layi take, kamar da igiya aka ja gidajen, kuma duk garin babu gamji ko ɗaya, sai 'yan darbejiyoyin da ba su kai ga yin inuwar kirki ba. Suka tarar da Alaramma a zaure a kan buzu. Ya rame fiye da yadda Shu'aibu ya bar shi da Babbar Sallah, yanar ido kuma ta lulluɓe masa idanu har baƙin ya koma ruwan toka. Shu'aibu ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, mun same ku lafiya?"

"Muryar Shu'aibu ce. Matso nan. An ce kai ne kake gyara abin da ya ɓaci a jikin mota."

"Ana taɓawa, Allah gafarta Malam."

"To, na yi maka ɓarna. Kurtun nan biyu kusa da juna suke. Jibi Juma'a akwai walimar sauka a Tudun Wada, duk alarammomin ƙasar nan za su hallara, kuma ba zan hau mota da aya a goshinta ba, tsuntsu yana bi ta kai, kowane hannu yana dafawa. Za ta fita?"

"Sai na gani tukuna."

"Je ka gani. Sharaɗi ɗaya ne. Ruwan da ya taɓa rubutun nan, ko ɗigo kada ya sauka inda ƙafa take takawa."

Wannan sharaɗi ya sa Shu'aibu ya yi abin da bai taɓa yi ba a sana'arsa. Ya yi alwala, ya ɗauki sifana ya kwance bonet ɗin ɗungurungum, shi da Ubale suka ɗauko shi suka kawo rumfar da ke gefen zaure. Aka aika cikin gida aron turmi biyu, matan suka bayar suna tambaya ta bayan katanga ko tuwon ƙarfe za a yi musu yau. Aka ɗora bonet a kan turamen, an ɗan karkata shi, aka sa babban daro a ƙasa inda ruwan zai riƙa taruwa.

Ya zuba ruwa a hankali don ya ga iyakar ɓarnar. Yashin ya yi aikinsa: zane zagaye-zagaye ko'ina, farin ya dushe kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Rubutun kuwa yana nan daram, layi uku, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Hannun Malam ne da ya sani tun yana yaro, manyan haruffa masu ƙiba, kowanne zaune a gidansa. Izu biyar ba wani karatu ba ne, amma wannan ayar duk wanda yake mu'amala da mota ya san ta, shi kansa ba ya shiga mota bai karanta ta ba. Ya fara bi da ido bakinsa yana motsi. A tsakiyar layi na biyu sai harshensa ya faɗi harafin da idonsa bai samu ba.

Ya koma farko. Ya sake bi, wannan karon da yatsa. Wau ɗaya babu. Kalmar da take gabansa da wadda take bayansa sun zauna kusa da juna, ba a ko bar masa wuri ba.

Ya fara zargin kansa, don wanda ya gudu daga makaranta ba shi da bakin cewa alaramma ya yi ɓata. Ya waiga ya ga Malam Buba, babban gardin tsangayar, wanda ya shekara ashirin da biyar a gaban Malam har furfura ta fito masa a nan, yana zaune a bakin rumfa yana jan carbi.

"Malam Buba, zo ka duba mini. Ni ne na manta karatu, ko nan wurin akwai abin da babu?"

Buba bai ko motsa ba. "Mun gani," ya ce.

"Kun gani?"

"Tun ranar. Me kake tsammani ya sa na bi ta da yashi? Ka ɗauka ban san allo daban, mota daban ba?"

Ya taso ya tsuguna kusa da Shu'aibu, ya leƙa ƙofar zaure, sannan ya ci gaba ƙasa-ƙasa. Alaramma ya rubuta Alƙur'ani da ka sau shida. Yanzu na bakwai yake yi, wanda ya yi alkawarin ajiyewa a sabon masallacin gari, ya kai izu arba'in. Buba ne yake shanya masa takardun in ya rubuta.

"Tun bara nake ganin abin da nake gani. Nan harafi ya faɗi, can ɗigo ya koma gidan da ba nasa ba. A ka kuwa karatunsa yana nan, ko wasali ba ya kuskurewa. Ido da hannu ne suka daina tafiya tare."

"Kuma ba ku gaya masa ba?"

"Wa zai gaya masa? Ni? Shekara arba'in da biyar yana zaman darasu, gardawa suna kawo alluna yana ce musu gyara nan, gyara can, ba a taɓa jin wanda ya ce masa gyara ba. Mutanen Kiru sun zo sun gwada shi, sun koma da takalmansu a hannu. Abin da ya rage masa ke nan, Shu'aibu. Gari ya tafi, gonaki sun tafi, kaburburan iyayensa suna cikin ruwa. Kai aikin mota ka zo, yi aikin mota. In Allah ya karɓi abinsa, mu mun san yadda za mu yi da takardun."

"In kuma ya gama kafin nan fa? Aka kai masallaci, aka fara kwafa daga ciki?"

Buba ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce lokacin azahar ya yi.

Bayan salla Shu'aibu ya kama aiki. Ya jiƙa samfefa mafi laushi a cikin ƙwarya har ta yi laƙwas, ya naɗa ta a ɗan guntun roba, ya fara daga gefe inda yashi kawai ya taɓa. Ba ya wuce faɗin tafin hannu a lokaci guda. Ya goga kaɗan, ya zuba ruwa, ya shafa da yatsu, ya karkata kai ya duba ta inda haske yake kwanciya. Fentin kamfani bai fi ɓawon albasa kauri ba, kuma gyaran nan ba ƙari ake yi ba, ragewa ake yi: kana cin saman fentin har ya sauko daidai da gindin karcen. Muddin ruwan da yake gangarowa fari ne, kana cikin fenti. Ranar da ka ga ya yi ruwan toka, ka ratsa ke nan, sai feshin sabon fenti, feshi kuwa sai Kano. Shi ya sa idonsa yake kan ruwan daro fiye da kan bonet.

In ya gama da samfefa sai ya lakato man goge fenti a auduga, ya bi wurin yana murzawa har dushewar ta tafi, farin ya fara ɗaukar ido. Ubale yana gefe yana miƙa masa ruwa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Audugar da ta ƙare kuma ba a yar da ita, a cikin wata tsabtatacciyar tasa ake tarawa.

Kafin la'asar sakaliya ya gama kewayen, ya ɗauke layin farko gaba ɗaya. Tawadar ta shiga sosai, don in ka shafa za ka ji harafin ya ɗan lotsa, amma fentin ya jure. A nan ne Alaramma ya fito yana dogara sanda, Buba yana biye da shi.

"Ina aka kai?"

"Layi ɗaya ya fita, Allah gafarta Malam."

Malam ya lalubo bakin bonet, ya ɗora tafin hannunsa a inda aka gama. Ya shafa, ya sake shafawa, ya kai hannun can gefe inda yashi bai taɓa zuwa ba, ya dawo.

"Ikon Allah. Nan ya ma fi na kamfanin santsi." Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashin Shu'aibu. "Ashe hannun nan da ya ƙi alƙalami yana da nasa karatun. In ka gama gobe ka shigo in yi maka addu'a. Na daɗe ina riƙe da ita."

Shu'aibu ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Allah gafarta Malam." Shekara ashirin yake jiran wannan magana. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗauki audugar da ya riga ya gama da ita ya shiga murza wurin da ba ya bukatar murza.

Ranar Alhamis ba a karatu, tsangayar ta yi tsit. Shu'aibu ya fara tun da sassafe, kafin rana ta ɗumama ƙarfen. Ya tsallake layi na biyu ya kama na uku, ya ce wa kansa wai don ya fi kusa da hannu ne. Da ya gama shi ya dawo na biyu, ya ci daga dama, ya ci daga hagu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya duk faɗin bonet ɗin ya koma fari fes, ban da wani ɗan wuri a tsakiya mai kalmomi huɗu. Aikin minti goma ne.

Ya zauna a kan akwatinsa yana kallon wurin.

"Ƙarasa mana," in ji Ubale. "Ko yunwa ce? In karɓo maka fura?"

Ba yunwa ba ce. Gaskiyar magana, so yake ya goge. Ba wanda ya aiko shi duba karatu, ga gardawa nan da suka fi shi sani sun yi shiru, ga addu'a tana jiransa a zaure. Har ya tsoma samfefar a ruwa. Sai dai akwai abin da bai taɓa yi ba tun da ya kafa rumfa: bai taɓa shafe karce ba tare da ya nuna wa mai mota wurin ba, ya kuma gaya masa abin da ya jawo shi. In ba ka nuna wa mutum cewa ƙyauren gidansa ne yake cin ƙofar motar ba, mako mai zuwa zai sake bi ta nan. Manyan sakatarori ya yi wa haka a Bagauda, wasu suka gode, wasu suka ɗaure fuska. Yau ga shi zai ɓoye wa mutumin da ya fi jin kunya a duniya, don kawai yana son abu a wurinsa. Ya ajiye samfefar.

Ya wanke wurin, ya tsane shi da sabuwar auduga, ya tafi zaure.

"Allah gafarta Malam, saura wuri ɗaya. Ba na son in goge sai kun taɓa."

"Me zan taɓa? Ai kai ne gwanin."

"Ƙa'idar aikina ce. Mai mota yakan ga wurin kafin a rufe."

Malam ya yi ɗan murmushi, ya ce ashe su ma suna da ƙa'ida, ya miƙa hannu a tashe shi. Buba ya bi su da ido, ya gane, ya girgiza wa Shu'aibu kai. Shu'aibu ya yi kamar bai gani ba.

A rumfa ya kama hannun Malam na dama. Rabonsa da taɓa wannan hannu tun yana riƙe masa alƙalami a kan allo. Yanzu ba nauyi, fata ce da ƙashi. Ya ɗora kan yatsun a farkon kalma ta farko.

"Kada ku danna. Ku bi a hankali, tawadar ta ci fentin, za ku ji shi."

Malam ya bi. Fuskarsa ta saki da ya ji haruffansa a ƙarƙashin yatsa, leɓunansa suka fara motsi. Ya wuce kalma ta farko, ya wuce ta biyu, ya shiga ta uku, sai ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya lalubi sama da layin, ya lalubi ƙasa.

"Nan ka riga ka goge?"

Ubale ya buɗe baki zai amsa. Buba yana ta ɗaga wa Shu'aibu gira. Kalma ɗaya ce, e, kowa ya huta.

"A'a, Allah gafarta Malam. Ban taɓa nan ba."

"To yashin Buba ne ya ci shi."

"Yashi bai ci ko harafi ɗaya ba. Ba a rubuta shi ba ne."

Malam bai ɗauke hannunsa ba. Sannan ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Buba, kana nan?"

"Ina nan, Alaramma."

"Ka ga wannan?"

"Na gani, Alaramma."

"A takardun fa?"

Buba ya durƙusa a inda yake. Ba a barin Malam yana jira.

"Akwai, Alaramma."

"Tun daga ina?"

"Tun wajen izu na goma sha biyu."

Malam ya gyaɗa kai sau biyu, kamar yadda yake yi in gardi ya kawo allo ya gama dubawa. Ya janye hannunsa ya sa a aljihu. "Goge, Shu'aibu," ya ce. Ya ƙi hannun da Buba ya miƙa masa, ya lalubi hanyarsa da sanda ya shige cikin gida. Ranar bai fito azahar ba, Buba ne ya ja salla.

Shu'aibu ya goge. Fentin ya kai shi har ƙarshe bai ratsa ba, da ƙyar. Ya bi bonet ɗin duka da mai, ya shafa kakin goge mota, ya bari ya sha iska, ya murje da tsumman akoko mai laushi. Tun da ya zo, sai ya bi sauran jikin motar ma, don kada goshi ya fi fuska haske. Suka mayar da bonet suka ɗaure. Ruwan daron aka juye a tulu biyu, wani masunci ya shiga da su tsakiyar dam a kwalekwale ya zuba. Audugar da samfefar kuma Buba ya haƙa rami a bayan masallaci ya binne, bai ko kalli Shu'aibu ba har suka gama. Ba wanda ya kira Shu'aibu zaure, shi ma bai je ba. Ya kwana a gidan wansa da ke nan garin.

Juma'a da safe motar tana ƙofar gida, mutane suna tsayawa suna duba fuskarsu a jikinta. Alaramma ya fito da farar riga da rawani, rungume da gafaka wadda ta cika da takardun Alƙur'aninsa na bakwai har bakinta ba ya rufuwa. Buba ya gane ta, ya sha gabansa.

"Alaramma, a bar su a gida mana. Mu zauna mu da ku, mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai ji."

"Ku da kuka shekara kuna gani?" Malam bai ɗaga murya ba. "A gaban jama'a na yi ta gyara wa mutane. Yau masu ido suna Tudun Wada, su duba. Buɗe mini ƙofa, Ubale."

Ya zauna a baya, ya ɗora gafakar a cinya. Shu'aibu yana tsaye nesa kaɗan da akwatinsa, bai san ko ya matso ko ya tafi ba. Malam ne ya ce, "Shu'aibu yana nan?" Ya matso ya durƙusa a bakin ƙofar.

"An ce aikin ya yi kyau. Na yarda, na taɓa." Ya gyara zaman gafakar a cinyarsa. "Da ka goge ka yi shiru, da na mutu da sunana a cike. Ka san haka?"

"Na sani, Allah gafarta Malam."

"Abin da ka yi shi ne daidai, a tsangayar nan kaf kai kaɗai ka yi shi. Amma addu'ar da na ce zan yi maka, ka ba ni lokaci. Yau zuciyata ba ta yi maka fari ba, ni kuwa ba na yin addu'a da baki kawai. Ka dawo in an kwana biyu."

"To, Allah gafarta Malam. Allah ya kiyaye hanya."

Ubale ya rufe ƙofa ya tayar da mota. Shu'aibu ya tsaya har suka sha kwana, sannan ya ɗora akwatinsa a ka ya kama hanyar bakin titi, don ya samu motar Kwanar Dangora kafin rana ta yi zafi.